Neman shawarar likita ta waya: amfaninsa da iyakarsa

A yau manomin da ke Dakwaro ba sai ya hau mota ba kafin ya san kuɗin tiyar hatsi a kasuwar Maraɗi. Salula zai ɗauko, ya kira wani nasa, ya ji. Wayar salula ta shigo ƙasarmu a shekarar 2001, kuma tun daga lokacin ta rage wa manoma da makiyaya tafiye-tafiye masu yawa. To, wayar da ta kawo mana labarin kasuwa, shin za ta iya kawo mana likita?

Wannan shi ne abin da ake kira duban lafiya daga nesa. Marar lafiya yana wuri ɗaya, likita yana wani wuri, sai waya ko intanet ta haɗa su. Ana iya yin magana baki da baki. Ana iya aika hoton gyambo, ko hoton ƙirji, ko sakamakon gwajin jini, likita ya duba ya maido da amsa.

Dalilin da ya sa zancen ya shafe mu a fili yake. Fiye da mutum 8 cikin 10 na ƴan Nijar a karkara suke zaune. Likitoci kuwa ba su da yawa: ba mu kai likita 1 ga mutum dubu 10 ba, kuma ƙwararrun cikinsu, masu sanin ciwon zuciya ko na ido ko na ƙashi, yawancinsu suna Yamai da manyan birane. Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500. Daga Maraɗi ya fi 600. Daga Damagaram kuwa ya kusa 900. Ga shi lokacin da masassarar cizon sauro ta fi kama yara, wato daga tsakiyar damina zuwa kaka, shi ne lokacin da korama ke yanke hanya, kuma shi ne lokacin da magidanci ba ya son barin gona ko na yini guda. Wanda ya bar maimai ya tafi jinya birni, ya san abin da zai tarar in ya dawo.

Ba yau aka fara ba

Tun kafin salula, an gwada wannan dabara a ƙasarmu. Wajen ƙarshen shekarun 1990, a gundumar Walam, an sanya wa gidajen likita na karkara wayar iska mai aiki da hasken rana. In naƙuda ta yi wa mace gardama, malamin asibiti sai ya kira asibitin gunduma, ya bayyana halin da ake ciki, a ba shi shawara ko a turo motar ɗaukar marasa lafiya. Waɗanda suka bi diddigin aikin shekaru 7 sun ga kiran gaggawa ya ƙaru ƙwarai. A lura da kyau: abu biyu aka haɗa, waya da mota. Za mu sake komowa kan wannan.

A Mali, maƙwabciyarmu, likitoci sun haɗa kai da babban asibitin jami'a na birnin Janeba, a ƙasar Suwis, suka kafa wani tsari a shekarar 2001. Daga baya aka san shi da suna RAFT, ya kuma yaɗu zuwa ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci, har da Nijar. Da farko darussa ake ba ma'aikatan lafiya ta intanet, don wanda aka tura ƙauye kada iliminsa ya tsaya inda ya baro makaranta. Bayan haka aka ƙara wani mataki. A asibitocin gundumomi 4 na Mali, wato Bankas, Jene, Kolokani da Joyila, an koya wa ungozomomi da malaman asibiti da likitoci yadda ake ɗaukar hoton cikin mai juna biyu da yadda ake awon bugun zuciya da na'ura. In abin ya shige musu duhu, sai su aika wa ƙwararre a Bamako. Ta haka mata da yawa suka san kwanciyar ɗan da ke cikinsu ba tare da sun yi doguwar tafiya ba, wadda kuma take cikin haɗari aka tura ta da wuri.

Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda mutanen Magarya da Madarumfa suka sani, ita ma ta buɗe irin wannan hanya a 2010, inda likitanta na karkara ke rubuta tambaya, ƙwararre a wata ƙasa ya amsa.

Waya ba ta da hannu

Duk waɗannan misalai abu ɗaya suke nuna mana. A kowanensu akwai ma'aikacin lafiya tsaye kusa da marar lafiya. Likitan da ke nesa ba ya iya taɓa goshin yaro ya ji zafi. Ba ya iya danna ciki ya ji inda ya yi tauri. Ba ya iya buɗe fatar ido ya ga ko jini ya ƙare. Sai wani ya zame masa ido da hannu. Saboda haka, a ganinmu, wayar da ta fi amfani a karkara ita ce wadda ke hannun malamin asibiti, ko ungozoma, ko wakilin kiwon lafiya na gari, suna magana da wanda ya fi su sani. Tun daga 2001 an gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen dubu 2 a ƙauyukanmu. Sau da yawa mutum ɗaya ne a ciki, shi ke awo, shi ke allura, shi ke karɓar haihuwa da tsakar dare. Irin wannan ma'aikaci, in yana da lambar likitan da zai amsa masa, ya daina zama shi kaɗai. Hukumar lafiya ta duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta yarda da duban lafiya daga nesa, amma bisa sharaɗin ya zama ƙari ne a kan ganin likita ido da ido, kada ya maye gurbinsa.

Abin da ke tafiya lafiya cikin waya shi ne lissafi. In aka ce wa likita “yaro ba ya jin daɗi”, ba a gaya masa komi ba. In aka ce “shekararsa 2, yau kwana 3 yana tari, numfashinsa 52 a minti ɗaya”, nan take ya gane. Ga ƙa'idar: jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. Yaro mai tari da saurin numfashi, ana tsoron ciwon huhu ne, kuma yana bukatar magani a ranar. Ana ƙirgawa ne lokacin da yaro yake kwance lafiya lau ba ya kuka, ana duban ɗagawar ƙirjinsa. Agogon da ke cikin salula ya isa.

Haka ma zaren awon damtse. A gundumar Mirya an koya wa iyaye mata su auna ƴaƴansu da kansu, aka kuma ga suna iyawa sarai. In awon ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Uwar da ta ce “ja ne” a waya ta ba da cikakken labari da kalma biyu. Wanda ya iya karanta lambobi da rubuta kwanan wata, ya riga ya zama mai amfani ga dukan unguwarsu a wannan fage.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko kowa ya san ta: rezo. Akwai garuruwan da sai an hau tudu ko an nufi wata bishiya sananniya kafin kira ya shiga. Murya tana iya wucewa, amma hoto mai nauyi ya ƙi. Shi ya sa saƙon da ake aikawa a jira amsa ya fi dacewa da karkara a kan magana ta bidiyo. Ta biyu wuta ce. A ƙasa baki ɗaya, kimanin mutum 1 cikin 5 ke da lantarki, a karkara kuwa abin bai kai haka ba ko kusa. Faifan hasken rana yana taimakawa, amma batirinsa yana mutuwa bayan ƴan shekaru, kuma ba kullum ake tanadin kuɗin sabo ba. Na'ura mai tsada da aka kawo da biki, in mai gyara ta yana Yamai, ƙura ce za ta gaje ta.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A gidaje da yawa salular tana aljihun maigida, maigida kuwa yana gona, ko kasuwa, ko ya tafi cin rani. Mai ciwon tana gida. Ko wayar na nan, akwai larurar da mace ba za ta faɗa ba alhali mijinta ko surukarta na saurare. Batun hoto ma sai an yi hattara. Hoton jikin mutum amana ne. Kada a ɗauka sai da yardarsa, kada a aika sai ga ma'aikacin lafiyar da aka sani, kuma kada ya kwana cikin wayar da yara ke wasa da ita.

Sai ƴan damfara. Saƙonnin murya suna yawo a WhatsApp, wani ya ce shi likita ne, yana da maganin hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa duk a kwalba ɗaya, a turo kuɗi kawai. Likitan ƙwarai yana tambaya kafin ya ba da magani, kuma sau da yawa ƙarshen maganarsa ita ce a je a gwada. Masassara ma ba a gane irinta ta waya. Sai an ɗiga jinin yatsa a kan abin gwaji, a jira kamar minti 15. Wanda ya ji sunan ƙwaya a waya ya tafi wurin mai talla a kasuwa, caca ya yi da ransa.

Lokacin da ba a jiran amsa

Waya tana ɗaukar magana, amma ba ta ɗaukar jini, ba ta yin fiɗa. Akwai alamun da in an gan su, a kama hanya nan take, a yi kiran bisa hanya: yaron da ya kasa sha ko kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko yake jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, saran maciji, naƙudar da ta wuce awa 12, mai ciki da ke zubar da jini, ko take fama da ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2. A irin wannan hali amfanin kira shi ne asibiti su san ana tafe, su shirya gado da jini, su kuma faɗi inda ya kamata a nufa don kada a ɓata lokaci a gidan likitan da ba shi da kayan aikin.

Nan muka komo kan darasin Walam. In likita ya ce “a kawo ta yanzu”, wa zai biya kuɗin man mota? A wasu gundumomi, kamar na jahar Doso, an fito da dabarar ƙara dala 20 a kan kuɗin ganin likita, ana tarawa don jigilar masu larurar gaggawa. Gari ma yana iya yin nasa asusun. Lokacin kaka, sa'ad da hatsi ke hannu, shi ne lokacin da ya dace maigari da kwamitin kiwon lafiya su zauna, a yanke abin da kowane gida zai zuba, a san mai amalanke da ɗan kabu-kabun da za a tasa ko da dare ne. A rubuta lambar malamin asibiti da ta asibitin gunduma da manyan baƙaƙe, a manna a ƙofar gidan maigari da bangon ɗakin shan magani. Ungozomar gari kuma a tabbatar tana da waya tata ta kanta, mai wuta da kuɗin kira a ciki.