Fanke: sunan Turawa, girkin Hausawa

Duk wanda ya taso a Karakara, a jihar Dosso, ya san fanke. Ƙullin fulawa ne da yis da sukari, a rufe shi ya tashi, sannan a riƙa gutsurawa ana jefawa cikin mai mai zafi. A Yamai an fi saninsa da fari masa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sunan aro ne daga kalmar Turanci ta pancake, wadda ta shigo Hausa ta ɓangaren Najeriya, inda Ingila ta yi mulki, ta tsallako iyaka har yankunan da Faransa ta mallaka.

Sai dai ɗan Karakara da ya sauka Landan ko New York, ya ga sunan a takardar gidan abinci ya yi murna, zai sha mamaki. A kowane birni abu daban za a kawo masa, kuma babu wanda ya yi kama da na gida.

Na Ingila falle ne

Fanken Ingila fulawa ce da ƙwai da madara da ɗan gishiri, ba yis, ba abin sa kumburi. Ƙullin ruwa-ruwa ne, ana zuba shi a faffaɗan kasko da ɗan mai kaɗan, ya fito siriri kamar fallen takarda. A matsa masa lemon tsami, a barbaɗa sukari, a naɗe.

Yana da rana tasa ta musamman: Talatar jajibirin azumin Kirista na kwana 40, wanda ke farawa ranar Larabar Toka ya ƙare gab da bikin Ista. Talatar tana faɗowa kwana 47 kafin Ista, don haka takan sauya kowace shekara. A 2026 ta kama 17 ga Fabrairu, kuma cikin makon ne Musulmi suka fara azumin Ramadan.

Dalilin al'adar tattali ne. A da, cocin Turai ya hana cin nama da ƙwai da madara da man shanu a tsawon azumin. Babu firiji a wancan zamani, don haka matan gida kan tattara abin da ya rage su kwaɓa da fulawa, iyali su cinye a wuni ɗaya kafin ya lalace.

A garin Olney na Ingila har tsere mata ke yi a ranar, kowacce riƙe da kasko da fanke a ciki, tsawon kimanin mita 380. Mutanen garin na cewa al'adar ta faro tun 1445, lokacin da wata mata ta ji ƙararrawar coci tana tsakiyar suya, ta fita a guje da kaskonta. Tun 1950 suke gasa da matan garin Liberal na jihar Kansas a Amurka, kowane gari ya yi tserensa, a kwatanta lokaci.

Na Amurka ya fi kusa da masa

Fanken Amurka ƙarami ne, mai kauri da laushi kamar soso. Sirrinsa hodar kumbura ƙulli, wadda masu girki ke kira bakin foda, sau da yawa kuma da madara mai tsami. Wani masanin haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro hodar a 1843, amma Amurkawa ne suka mayar da ita ginshiƙin karin kumallo. A 1889 aka fara sayar da haɗaɗɗen garin fanke a jihar Missouri da sunan Aunt Jemima, sunan da kamfanin ya sauya zuwa Pearl Milling Company a 2021 saboda ƙorafin cewa tambarin na kaskantar da baƙar fata.

Ana jera uku ko huɗu, wani kan wani, a ɗora man shanu, a kwarara ruwan zaƙin da ake tatsa daga bishiyar mapul. Abincin safe ne na kowace rana, bai jiran wata Talata. Bahaushe da ya ɗanɗana shi zai fi tuna masa da zuma, domin ita ma ƙullinta tashi yake, kuma a tanda ake toya ta da mai kaɗan.

Abin da Faransa ta bari

Ƙidayar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, don haka wannan Talata ba ta da wani tasiri a ƙauyuka irin Karakara. A Gaya kuwa, garin iyaka da gada ta haɗa da Malanbil na Jamhuriyar Benin, akwai Kiristoci, da dama daga cikinsu 'yan asalin Benin da Togo. Sunan da aka sani a nan na Faransanci ne, Mardi Gras, wato Talatar maiƙo. Faransawa na da nasu siririn fanken da suke kira crêpe, wanda suka fi ci ranar 2 ga Fabrairu, a Talatar maiƙo kuma sukan haɗa da soyayyen ƙulli mai kama da fanken Hausa.

Sauran ƙasashe ma kowa da nasa. 'Yan Poland kan ci soyayyen ƙulli mai zaƙi a ciki ranar Alhamis ta ƙarshe kafin azumi. Rashawa mako guda suke yi, Maslenitsa, suna cin fankensu da man shanu, domin mabiya cocin Otodoks har yau suna barin ƙwai da madara. 'Yan Katolika kuwa yanzu nama suke ƙauracewa ranakun Juma'a, su rage ci ranar Larabar Toka da Juma'ar da ke gaban Ista.

Nan ne azumin biyu suka bambanta a madafa. Kiristan Turai na dā share rumbu yake kafin azumi. Musulmi kuwa tanadi yake: gero na kunu, wake na ƙosai, sukari da mai, har da kayan azumin da ake aika wa surukai, domin kowace faɗuwar rana akwai buɗa baki.

Fulawa daga nesa take zuwa

Akwai wani bambanci da ya fi shafar aljihu. Masa da gero ko shinkafa ake yin ta, kuma duka biyun ana noma su a jihar Dosso. Fanke sai da fulawa, alhali alkamar da Nijar ke nomawa ba ta taka kara ta karya ba. Shekara da shekaru, ta tashar jiragen ruwan Kwatano kayan waje ke shigowa, su bi ta Malanbil zuwa Gaya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta rufe iyakoki da Nijar. Ta janye takunkumin a Fabrairun 2024, an kuma buɗe iyakar Najeriya a watan Maris, amma hukumomin Yamai suka bar ta Benin a rufe. Manyan motoci suka koma doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, ƙananan kaya kuma a kwale-kwale aka riƙa tsallako da su kogin Kwara. Duk ƙarin kuɗin da ya hau buhun fulawa, a kan mai suyar bakin hanya yake sauka, ita kuwa ba ta da zaɓi sai ta rage girman fanken ko ta ƙara masa kuɗi. Maƙwabciyarta mai tandar masa, wadda hatsinta daga gonakin yankin yake fitowa, mai da sukari kawai take jira daga waje.