Rinin Ƙwai da Sirrin Ƙwansonsa

A Masar, ranar Litinin da ke bin Istar Kibɗawa ita ce ranar Shammun Nasim, bikin da Musulmi da Kirista suke yi tare don marabtar sauyin yanayi bayan hunturu, kuma ana yin sa har a Sudan. Iyalai kan fita lambuna da rinannun ƙwai. Haka ma Iraniyawa kan ƙawata ƙwai a bikin Nairuz, Kiristocin Turai kuwa a lokacin Ista. Aiki ne mai sauƙi da yara ke iya yi, amma dalilin da ya sa rini ke kama ƙwai abin nazari ne.

A ido ƙwanson ƙwai kamar tangaran yake, alhali ba haka ba ne. Kimanin kashi 95 cikin 100 na ƙwanson kalshiyam kabonet ne, wato sinadarin alli, kuma a jikinsa akwai ƙananan ƙofofi tsakanin 7,000 da 17,000 waɗanda ɗan tsako ke numfashi ta cikinsu. Dab da kaza za ta saka ƙwan, sai ta shafe shi da wani siririn rufi na furotin, wanda ke toshe ƙofofin don tare ƙwayoyin cuta. Wannan rufi ne rini ya fi kamawa.

Shi ya sa masu rinin kan zuba ruwan khal, kamar cokali guda a kofin ruwa. Tsamin yana ba furotin ɗin cajin lantarki mai jan kishiyarsa da ke jikin rinin abinci, sai su manne. Yana kuma ɗan cin ƙwanson. Kumfar da ake gani iskar kabon dayoksaid ce. In tsamin ya yi yawa, ƙwanson zai yi kaushi, launin ya fito dabbare-dabbare.

Rinin tsirrai ya fi ban sha'awa. Ɓawon albasa yana ba da launi daga ruwan ɗorawa zuwa jan ƙasa, kurkum kuma rawaya. Jan kabeji kuwa shuɗi yake bayarwa, domin sinadarin antosayanin da ke cikinsa yana sauya launi gwargwadon tsamin wurin da ya samu kansa, ƙwanson kuwa kashe tsami yake yi. Zoɓo ma ɗan wannan gida ne: duk jansa, ƙwan da ya kwana cikinsa da launi mai duhu yake fitowa, tsakanin toka-toka da shuɗi.

Gwanayen wannan fanni su ne mutanen Yukren, masu adon da ake kira pysanka, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2024. Sukan zana narkakken kakin zuma a kan ɗanyen ƙwai, su tsoma shi a rini mai haske, su ƙara kaki, su tsoma a mai duhu, a ƙarshe su narkar da kakin. Duk inda kaki ya rufe, rini ba ya shiga. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ƙulle yadi kafin a tsoma shi a marinar Ƙofar Mata zai gane dabarar nan take. Irin wannan ƙwai na ado ne, ba na ci ba.

A nan ne ake buƙatar hattara. Dafuwa tana lalata rufin furotin, ƙofofin su buɗe, don haka dafaffen ƙwai ya fi ɗanye saurin lalacewa. Ƙwan da za a ci sai da rinin abinci ko na tsirran da ake ci. Rinin tufafi ba ya cikin lissafi, domin yakan ratsa ƙofofin ko tsagar ƙwanson ya kai ga farin ƙwan. Kada dafaffen ƙwai ya wuce awa 2 a wajen firij, in kuwa zafi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. A cikin firij yakan kai mako guda.