Karayar Ƙashin Wuya: Yaya Kafaɗa Ke Kasancewa Idan Ba A Yi Tiyata Ba?

Ƙashin wuya, wato siririn ƙashin nan da ya miƙe daga saman ƙirji zuwa kan kafaɗa, yana cikin ƙasusuwan da suka fi saurin karyewa. Faɗuwa a kan kafaɗa ce ke jawo yawancin karayar, ko daga babur, ko a filin ƙwallo. Kusan huɗu cikin biyar a tsakiyar ƙashin suke aukuwa.

Galibi ba a yin aiki. Rataye hannu ake yi da majanyi na 'yan makonni, a ba da maganin ciwo. Yaro kan warke cikin mako uku zuwa shida, babba kuwa shida zuwa goma sha biyu. Ƙullutun da ke fitowa a wurin sabon ƙashi ne. A jikin yaro yakan baje da girma, a jikin babba yakan zauna, amma ba ya hana komai.

An daɗe ana ganin kowace irin karayar nan tana haɗewa da kanta. A 1960 likitan Amurka Charles Neer ya duba majinyata fiye da 2,000 da ba a yi wa aiki ba, ya tarar ƙalilan ne ƙwarai ƙashinsu bai haɗe ba. Sai dai lissafin nasa ya haɗa da yara, waɗanda ƙashinsu ba ya gardama.

Da aka ware manya masu karayar da ta goce, sai magana ta canza. A 2006 Michael McKee da abokan aikinsa a Kanada suka gwada mutum 30, shekara huɗu da wani abu bayan rauni. Hannu na ɗaguwa yana juyawa yadda ya kamata, amma ƙarfinsa ya tsaya wajen kashi 80 cikin 100 na lafiyayyen, kuma ya fi saurin gajiya. Ma'aikacin ofis ba lallai ya lura ba. Birkila ko ɗan dako, mai yini da hannu a sama, shi zai ji a jikinsa.

Wani gwaji da aka yi a Birtaniya a 2013 kan mutum 200 ya ƙara fayyace lamarin. Kusan ɗaya cikin shida na waɗanda ba a yi wa aiki ba ƙashinsu bai haɗe ba. Waɗanda nasu ya haɗe kuwa, bayan shekara guda kafaɗarsu ba ta bambanta da ta waɗanda aka sa wa ƙarfe ba. Ashe haɗewar ƙashin ita ce kan gaba. Gocewa sosai, farfashewa, gajarcewar ƙashi da kamar santimita 2, yawan shekaru da shan taba duk suna ƙara haɗarin rashin haɗewa.

Tiyata ma da nata: ciwo na iya shiga, fata ta yi dindiris a gefen tabo, wasu kuma sai an sake aiki an cire ƙarfen.

A ƙasar Hausa da yawa wurin mai ɗori suke fara zuwa. To, hannu ba ya gane yawan gocewar ƙashi, hoto ne ke nunawa. A ɗauki hoto tun farko, a koma bayan mako shida. In har lokacin ciwo bai lafa ba, ko ana jin ƙashin na motsi, a nemi likitan ƙashi, irin na asibitin Dala da ke Kano. Mutuwar hannu, wahalar numfashi ko ƙashi mai neman huda fata kuwa, ba sa jiran gobe. Bayan haɗewa, motsa kafaɗa a hankali bisa shawarar masu gashin ƙashi shi ke dawo da ƙarfinta.