Kafin A Kai Ƙara, A San Hurumin Kotu

Fataken Gaya da Ajingi masu kai gyaɗa da riɗi kasuwar Dawanau, da yawansu da kamfanoni suke ciniki, waɗansu ma sun yi rajistar nasu. To, ran da alkawari ya warware, kuɗi suka maƙale, kafin a tambayi wa ke da gaskiya, sai an san wace kotu ke da hurumin jin maganar.

Malamai sun daɗe da sanin wannan babi. A cikin Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalan ƙasar nan ke karantawa, mashhurin zance shi ne a bi wanda ake ƙara can inda yake. Har wa yau mai mulki yana iya iyakance wilayar alƙali ga gari guda ko ga irin shari'a guda, hukuncin da ya ƙetare wannan iyaka kuwa ba ya zartuwa.

Haka abin yake a dokar zamani. A 1973 aka kafa Kotun Haraji ta Tarayya, a 1979 ta koma Babbar Kotun Tarayya. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya lissafa abin da ke hannunta, kamar kwastan, da harajin tarayya, da sha'anin gudanar da kamfani, watau hannun jari da shugabanci. Amma saye da sayarwa tsantsa na kotunan jiha ne.

Wani ɗan kasuwa ya biya kamfanin matatar man Kaduna kuɗin gwangwanaye, kafin a ba shi kayan aka ƙara farashi. Ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli. A 2005 ta ce wannan ciniki ne kawai, kotun farko ba ta da hurumi. Wahalar shekaru ta zama aikin baban giwa.

A Amurka, in aka yi jayayya kan hurumi, alƙalin tarayya yakan ba da izini a fara bincike a kan wannan kaɗai: a fito da takardu, a rantsar da shaidu, a gane ainihin mazaunin kamfani. A 2010, cikin shari'ar kamfanin Hertz, Kotun Ƙolinsu ta ce cibiyar kamfani ita ce inda shugabanninsa ke zaune suna ba da umarni. A Nijeriya kuwa takardar da'awar mai ƙara ake dubawa, kuma ana iya ta da maganar hurumi ko da an kai Kotun Ƙoli.

Saboda haka falke mai hankali ya rubuta sharuɗɗan ciniki gaban shaidu, ya sa sunan kamfani yadda aka yi masa rajista, da adireshinsa, da wurin miƙa kaya. In rigima ta taso, ya fara tambayar lauya ƙofar da za a shiga. Tun ran gini ran zane. Allah ya kiyaye dukiyar bayinsa, amin.