Hawan Dutsen Kilimanjaro

A ƙasar Nijar yara sun san ƙanƙara iri biyu. Akwai wadda ke faɗowa tare da ruwan sama da damina, har ta ɓata hatsi a gona. Akwai kuma wadda a ke saidawa kasuwa don sanyaya ruwan sha. Duka biyun ba su jimawa sai su narke. Amma akwai wani wuri cikin Afirka inda ƙanƙara ke zaune rani da damina, shekara da shekaru. Wurin nan shi ne kan dutsen Kilimanjaro.

Ina dutsen ya ke?

Kilimanjaro yana cikin ƙasar Tanzaniya, gabashin Afirka, kusa da iyakar Kenya. Babu dutsen da ya kai shi tsawo cikin Afirka duka. Tsawonsa metir 5895 ne, in an soma awo daga bakin teku. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yana cikin duwatsun Bagazam na Abzin, tsawonsa metir 2022. Sai an ɗora irinsa kusan uku, wani bisa wani, kafin a kai Kilimanjaro.

A zamanin da, dutse ne mai aman wuta, amma ya daɗe da lafawa. Yana da kawuna uku: Shira, Mawenzi da Kibo. Kibo ne babbansu, shi ne kuma mai ƙanƙara. Mutanen da ke zaune gindin dutsen sunansu Caga. Manoma ne, suna noman ayaba da kafe. Babban garinsu Moshi.

A shekara ta 1848 wani Bajamushe mai suna Johannes Rebmann ya hango dutsen, ya rubuta cewa ya ga ƙanƙara bisa kansa. Waɗansu masana na Ingila suka ƙaryata shi, don a ganinsu ƙanƙara ba ta zama a ƙasa mai zafi. Daga baya gaskiyarsa ta fito. Ran 6 ga watan Oktoba na 1889, Hans Meyer na Jamus da Ludwig Purtscheller na Ostiriya suka kai ƙololuwar dutsen, da taimakon mutanen ƙasa waɗanda suka nuna masu hanya, suka ɗaukar masu kaya.

Mi ya sa ƙanƙara ba ta narkewa?

Duk sa'ad da mutum ya hau sama, sanyi na ƙaruwa. In an hau metir 1000, zafi ya kan ragu da wajen digiri 6. Daga Moshi zuwa kan dutsen akwai hawan metir 5000 ko kusa da haka. Ke nan zafi ya ragu da digiri 30. In ma'aunin zafi ya nuna digiri 25 a Moshi, bisa kan dutsen ya faɗi ƙasa da sifiri, inda ruwa ke daskarewa. Da dare sanyin ya fi haka nesa. Shi ya sa abin da ke sauka can ba ruwan sama ba ne. Wani farin abu ne mai laushi kamar dusa, a na ce masa dusar ƙanƙara. In ta taru, ta danne juna shekaru da yawa, sai ta zama ƙanƙara mai tauri kamar dutse.

Dutsen da a ke hawa da ƙafa

Akwai duwatsu a duniya da ba su hawuwa sai da igiya da ƙugiyoyin ƙarfe, sai kuma gwani. Kilimanjaro ba ya cikinsu. Tafiya ce a ke yi da ƙafa, bisa turba, tun daga gindi har ƙololuwa. Don haka dubban mutane ke zuwa kowace shekara, maza da mata, har da waɗanda ba su taɓa hawan babban dutse ba. Doka dai ta hana yaron da bai kai shekara 10 ba zuwa can sama.

Duk da haka, da yawa cikin masu hawa su kan juyo ba su kai ba. Cikinsu har da samari majiya ƙarfi. Abin da ke kada su iska ce.

Iska tana da nauyi. Ƙasa-ƙasa, kamar Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, waɗanda ba su kai metir 500 bisa teku ba, iskar sama na danne ta ƙasa, sai ta yi kauri. Can bisa dutse kuwa ba ta da kauri. Cikin iska akwai oksijen, abin da jini ke ɗauka daga huhu ya kai wa jiki duka. Bisa kan Kilimanjaro, in mutum ya ja numfashi sau ɗaya, rabin oksijen ɗin da ya saba samu bakin teku kawai ya ke samu.

Jiki ya iya sabawa da wannan, amma yana son lokaci. Numfashi ya kan ƙaru, zuciya ta ƙara bugawa, sannu a hankali jini ya gyara aikinsa. Wanda ya hau da sauri bai ba jikinsa lokaci ba, sai ciwon dutse ya kama shi. Alamunsa su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, rashin barci da ƙin abinci. In ya tsananta, ruwa ya kan taru cikin huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Mutum ya dinga tari, ko ya dinga tangaɗi yana magana ba kan gado. A nan babban magani shi ne a sauko da shi ƙasa nan da nan, ko da tsakar dare ne. In an yi jinkiri ya kan rasa ransa. Kusan kowace shekara a kan yi irin wannan hasara bisa dutsen.

Jagora da ƴan dako

Gwamnatin Tanzaniya ta keɓe dutsen a 1973, ta sa masu tsaronsa. Ba a yarda kowa ya hau shi kaɗai ba, sai da jagora mai takardar izini. Aikin jagora kamar na madugu ne cikin ayarin da ke ƙetare Tenere zuwa Bilma. Shi ya san hanya, shi ke cewa a tashi ko a yada zango. Safe da maraice yana duban mutanensa: wa ya ci abinci, wa ya yi barci, wa ke ciwon kai. In ya ce wa mutum ya koma, ba gardama, ko da saura kaɗan a kai.

Maganar da jagora ya fi faɗi ita ce "pole pole". Da harshen Swahili ma'anarta "sannu sannu". Ya kan shiga gaba yana tafiya kamar hawainiya, ba ya barin kowa ya wuce shi. Ya kan kuma matsa wa mutane su sha ruwa, litir uku ko huɗu a yini.

Tare da jagora akwai mai dafa abinci da ƴan dako. Su ke ɗaukar abinci, tukwane, ruwa da jakunkunan baƙi. Ƙa'ida ta ce kada kayan ɗan dako su wuce kilo 20, ban da nasa na kansa. A kan auna kayan da sikeli bakin ƙofa. Aiki ne mai wuya, cikin sanyi, kuma in ba su, baƙi kaɗan ne za su ga kan dutsen.

Mai hawa yana bukatar takalma masu ƙarfi, safar hannu da ta ƙafa, hular sanyi, riguna masu kauri da a ke sawa wata bisa wata, jakar barci mai ɗumi, tocilar da a ke ɗaurawa a goshi, da baƙin tabarau. Tabarau ba don ado ba ne. Hasken rana bisa farar ƙanƙara ya kan ƙona ido. An fi hawa daga Janairu zuwa farkon Maris, ko daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke.

Zango-zango

Hanyoyin hawa suna da yawa. Tsohuwar cikinsu ita ce ta Marangu, wadda ke da ɗakunan kwana a kowane zango. A kan yi ta cikin kwana biyar ko shida.

Ran farko a kan tashi daga ƙofar Marangu, wajen metir 1900, a shiga kurmi mai duhu. Itatuwa dogaye ne, ƙasa da laima, birai masu baƙi da fari na tsalle cikin rassa. A kwana Mandara, metir 2700.

Rana ta biyu kurmi ya ƙare. Sai ciyawa da gajerun itatuwa. A kwana Horombo, metir 3700. Daga nan mutum ya kan ga gizagizai ƙarƙashinsa.

Rana ta uku masu hankali ba su ci gaba. Su kan hau kaɗan da rana, su dawo Horombo su sake kwana, don jiki ya saba. Masu son rage kuɗi su kan tsallake wannan rana, kuma cikinsu a ka fi samun masu juyowa.

Rana ta huɗu a ratsa wani fili tsakanin Mawenzi da Kibo. Ba itace, ba ruwa, sai tsakuwa da iska mai sanyi, kamar hamada. A isa zangon Kibo, metir 4700. Ruwan da a ke sha nan, ƴan dako ne suka hawo da shi bisa kai.

Daren ƙarshe

Wajen ƙarfe 12 na dare jagora ya tada mutane. A sha shayi mai zafi, a kunna tocila, a jeru ɗaya bayan ɗaya. Saura hawan metir 1200, kuma shi ne mafi wuya. Ƙasar duk tsakuwa ce da tokar tsohuwar wuta. Da dare sanyi na ɗaure ta, ƙafa ba ta zamewa sosai. Mutum ya yi taki kaɗan, ya tsaya ya numfasa. Ruwa ya kan daskare cikin gora in ba a ɓoye ta cikin riga ba.

Bayan awa biyar ko shida, da ketowar alfijir, a kai bakin babban ramin da wuta ke fitowa a da. Sunan wurin Gilman. Daga nan a bi gefen ramin awa ɗaya ko biyu, wani lokaci bisa dusar ƙanƙara. Ga bangayen ƙanƙara tsaye, sun fi soro tsawo, rana na haska su. Sai ga ƙololuwa. Sunanta Uhuru, wato ƴanci da Swahili. An raɗa mata shi bayan ƙasar ta samu mulkin kai ran 9 ga Disamba na 1961. A lokacin wani sojan ƙasar, Alexander Nyirenda, ya hau da tuta da wutar ƴanci ya kafa su can.

Ba a daɗewa bisa Uhuru. Bayan ƴan mintoci jagora ya ce a juya. A sauko har Horombo ran nan, washegari a kai ƙofa. Abin da a ka hau cikin kwana huɗu da dare ɗaya, a kan sauke shi cikin yini ɗaya da rabi, don kowane taki na sauka yana ƙara wa mutum iska. Wanda ya kai Uhuru a kan ba shi takardar shaida.

Ƙanƙarar tana raguwa

Masana sun soma auna ƙanƙarar Kibo a 1912. Daga lokacin zuwa 2011, fiye da kashi 80 cikin 100 nata ya tafi. Duniya na ƙara ɗumi, iskar wurin kuma ta ƙara bushewa, dusar da ke sauka ba ta isa ta maida abin da ya ɓace. In abin ya ci gaba haka, wata rana masu hawa za su tarad da kan dutsen ba tsohuwar ƙanƙararsa.

Mai son ya gan ta kuwa, ba gaggawa za ta kai shi ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Jagororin Kilimanjaro ma abin da su ke faɗa wa baƙinsu ke nan kullum, da nasu harshe.

Tambayoyi

1. Cikin wace ƙasa Kilimanjaro ya ke? Nawa ne tsawonsa?
2. Mi ya sa a ke samun ƙanƙara bisa kansa?
3. Mi ke kawo ciwon dutse? Mine ne babban maganinsa?
4. Ku kwatanta aikin jagora da na madugu.
5. Lissafi: metir nawa ne tsakanin zangon Mandara da zangon Kibo? Da digiri nawa zafi ke raguwa tsakaninsu?