KAFIN KA KAI IYALI KWANA A BAKIN TEKU



Maigida, idan kana zaune a Agege, Idi-Araba ko Obalende, ka san da zarar Sallah ta zo yara sai su dame ka da maganar zuwa bakin teku. Yanzu har kwana ake yi, musamman a Tarkwa Bay, wurin da sai da jirgin ruwa ake isa: a kafa tanti, a gasa kifi, a wayi gari ana kallon manyan jirage suna shiga tashar Legas. Shaƙatawa ce mai kyau, kuma kallon teku kaɗai ya isa wa'azi. Amma fa yawancinmu rafi da dam muka sani, shi kuwa teku halinsa daban ne. Iyalin nan amana ce a wuyanka.

TUN DAGA JIRGI

Kowa ya sa rigar kariya, babba da yaro, a ɗaure ta sosai. Idan babu, ko an yi wa jirgin lodi ya wuce kima, ku haƙura ku jira wani. Kada ku yarda da tafiyar dare.

INDA ZA KA KAFA TANTI

Ruwan teku yana hawowa ya koma kusan sau 2 a kowace rana, kuma ya fi hawowa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Ka ga ke nan ƙaramar Sallah daidai lokacin take faɗawa. Duba layin da ruwa ya tara shara da ciyayi a kan yashi, ka kafa tantinka can sama da shi, nesa sosai. Ku sauka wuri ɗaya, kada ku warwatsu, haka Manzon Allah (SAW) ya koya wa sahabbai. Ka karanta addu'ar sauka a masauki wadda Khaula bint Hakim ta ruwaito a Sahihu Muslim, ka koya wa yara.

IGIYAR DA KE JAN MUTUM

Wannan ita ce babbar magana. Wani lokaci za ka ga wani ɗan tsakani ya yi luf, ba kumfa, ruwan ya fi duhu, alhali hagu da dama igiya na fashewa. To nan ne ya fi haɗari. Ta nan ruwa ke komawa ciki da gudu, har gwanin iyo yakan sha da ƙyar. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce gwiwa, yaro kuma kada ya fi tsawon hannunka nisa. Ajiye wayar nan, nutsewa ba ta da ƙara. Idan ruwa ya ja wanda ya iya iyo, kada ya yi kokawa da shi: ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga layin, sannan ya nufo tudu. Kai da ke waje kada ka faɗa, kada gawa ta zama biyu. Jefa masa jarka marar komai a rufe ko igiya, ka yi ihu, a kira 112 ko 767. Wanda aka tsamo, ba a danna masa ciki, kuma idan yana tari ko numfashi na yi masa wuya, asibiti kai tsaye.

RUWA DA ABINCI

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Amma ba a sha. Kowace lita tana da gishiri kusan giram 35, ƙara ƙishi yake yi, ya wahalar da ƙoda. Ku tafi da ruwan sha isasshe. In zawo ya kama yaro, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a ruwa mai tsabta lita 1, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

Rundunar Abu Ubaida, mutum 300, ta ci wani ƙaton kifi da teku ya jefo lokacin da yunwa ta kama su a gaɓa. Halal ne, babu shakka. Sai dai kai ba ka san tun yaushe mataccen kifin da ka tsinta yake kwance a rana ba. Sayi sabo wurin masunta, ka gasa ya gasu.

IDAN DARE YA YI

Sunna ce a kashe wuta kafin barci. Kada ka shigar da garwashi ko janareta cikin tanti, iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Ku ɗaura gidan sauro, zazzaɓin cizon sauro ba ya hutu a kudu. Da safe ku kwashe shararku, ku bar wurin fes.

Allah Ya tsare mana iyalanmu, Ya dawo da kowa gida lafiya. Tura wa ɗan uwanka kafin Sallah.