ƘOFOFIN DA KE ƘARƘASHIN WINDOWS: ABIN DA YA KAMATA MAI KWAMFUTA YA SANI

Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu na ƙasar nan da manhajar Windows suke aiki, watau wadda kamfanin Microsoft na Amurka yake sayarwa. Abin da ma'aikaci yake gani a fuskar na'urar, 'yan hotuna da akwatunan da yake dannawa, zaure ne kurum. Cikin gida yana can baya, kuma akwai ƙofofin shiga.

Can ƙasan komi akwai ƙwayar manhaja, wadda masana ke kira kanel. Ita ce ke raba wa kowane aiki wurinsa a ƙwaƙwalwar na'ura, ita ce kuma ke magana da faifai da madannai da injin buga takarda. Ƙwayar da Windows ke amfani da ita yau ta samo asali ne daga Windows NT na shekarar 1993. A bisanta akwai fayilolin tsari, galibinsu cikin jakar System32, sa'an nan akwai rajista, babban kundin da aka rubuta saitin na'urar a ciki.

Hanyar shiga ba ta da wuya. Idan mutum ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito. In ya rubuta cmd, sai baƙin allo ya buɗe, inda ake ba na'ura umurni a rubuce kamar yadda aka yi a zamanin MS-DOS tun daga 1981. In ya rubuta powershell, ya sami ƙanensa wanda ya fi shi ƙarfi, wanda aka fitar a 2006. Kalmar regedit kuwa rajista take buɗewa. Ta waɗannan ƙofofi ne masu gyara ke aikinsu: umurnin ipconfig yana nuna adireshin na'ura a kan intanet, sfc /scannow kuma yana bincika fayilolin tsari ya maye gurbin waɗanda suka lalace.

Amma fa lalle a sani, a can ciki na'ura ba ta yi wa mai ita gardama. Fayil ɗin da aka goge da umurnin del ba ya zuwa kwandon shara, balle a ɗauko shi. Abin da aka canja a rajista nan take yake zama, babu maɓallin komawa baya. Saboda haka ne tun daga Windows Vista a 2007 na'ura takan dusashe fuskarta ta nemi izini kafin a yi aiki da ikon shugaba. Mutane da yawa sukan danna amincewa ba su karanta ba, alhali tambayar nan ita ce mai gadi na ƙarshe.

Girman abin ya bayyana ran 19 ga Yuli, 2024, sa'ad da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika da wani sabon fayil mai kuskure ga manhajarsa da ke aiki a matakin ƙwaya. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya. Jiragen sama suka kasa tashi, aiki ya cije a bankuna da asibitoci na ƙasashe da dama. Gyaran kuwa, sai da ma'aikata suka bi na'urori ɗaya bayan ɗaya, suna shiga ta ƙasa suna goge fayil ɗin da hannu.

Mazambata ma sun gane wannan ƙofa. Tun 2024 aka ga wata dabara ta yaɗu: shafin intanet zai ce wa mutum ya tabbatar shi ɗan Adam ne, ya danna Windows da R, ya liƙa wani rubutu, ya danna Enter. Wanda ya bi, shi da hannunsa ya shigo da ɓarawon da zai kwashe kalmomin sirrinsa, har da na banki. Babu shafin kirki da ke neman haka.

Ana shawartar jama'a kada kowa ya rubuta ko ya liƙa umurnin da bai san ma'anarsa ba, ko da wa ya aiko shi. A riƙa aikin yau da kullum da asusu marar ikon shugaba, a kuma kwafe muhimman takardu a wani faifai dabam kafin a taɓa rajista. Ma'aikacin da na'urarsa ta ofis ce, sai ya kira jami'in da ke kula da kwamfutocin wurin.